Lambar da Ta Kwance Gangar Baba Arzika

Kai mai jar hula, sauke hannunka daga kan iccen nan. Ba na sayarwa ba ne, kuma ba na ɗaurawa ba ne. Tun ɗazu nake jin ku kuna cewa wai me ke cikin ɗaurin ganga, ai icce ne da rami, a yafa masa fatar akuya a ja igiya. To madalla. Ga icce can, ga fata a kan danga, ga gizago. Wanda ya ga zai iya ya zo ya hau kujerata, ni in koma gefe in ci goro. Ba wanda ya taso. To ku samu wuri ku zauna, don gangar makarantarku da kuka kawo sai fatarta ta jiƙa tukuna, kuma fata ba ta san ana sauri ba.

Aikin farko da Kawu Manu ya ba ni a Argungu shi ne kankare gashi. Ƙanen mahaifiyata ne, shi ya koya mini sana'ar nan, kuma bai taɓa yaba wa kowa ba har ya koma ga Allah. Za a jiƙa fata cikin ruwan toka har gashin ya saki, sannan ka shimfiɗa ta a bayan turmi ka bi ta da wuƙar da ba ta da kaifi sosai. In na gama sai ya ɗaga ta ya duba ta da hasken rana. Inda hannuna ya yi nauyi, wurin ya fi haske, sai ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Nan za ta hwashe, kuma ba ta hwashewa sai ranar da mai ita ya fi buƙatarta." Ya jefo mini ita in yanka tsirkiya, wato igiyoyin da ake jan fata da su. Na yi damina da rani ina yanka tsirkiya da kurakuraina kafin ya bar ni in taɓa icce.

Ba kowace fata ke zama ganga ba. Ta bunsuru ta yi kauri, muryarta kamar ta mai mura. Ta akuyar da ta mutu da ciwo ba ta da ƙarko. Wadda mahauci ya feɗe yana hira, za ka tarar da sawun wuƙa a cikinta ko da idonka bai gani ba, yatsanka zai ji. Icce kuwa alilliba muke nema, a sare shi bayan damina, a bar shi a inuwa ya sha iska a hankali, don in rana ta busar da shi sai ya tsage. Sannan ka zauna ka rarake cikinsa da gizago, kana yi kana ƙwanƙwasa jikinsa da gaɓar yatsa. In ka bar shi da kauri, ganga ta yi gum. In ka wuce, ranar da ta faɗi daga kan jaki ka yi asarar aikin wata guda. Sai zaga, siririyar igiyar nan da ke kwance a kan fata tana ba ta rawar murya. Ku da kuke cewa a ja igiya, jan igiya ɗaya in ya yi yawa ko ya yi kaɗan ya isa makaɗi ya dawo maka da gangarsa yana zagin kakanka.

Na yi wa mutane iri-iri aiki bayan na dawo Birnin Kebbi na kafa rumfata a nan Nasarawa, ana gab da samun 'yancin kai. Makaɗan dambe, makaɗan masunta, masu kalangun 'yan mata da kullum suke son a gama musu jiya. Amma wanda ya fi kowa cin fata a hannuna shi ne Baba Arzika na Augie, makaɗin noma. Wannan iccen da ka taɓa, gangarsa ce.

Ku ba ku san kiɗan noma ba, sai dai ku gani ana kwaikwayonsa a filin makaranta da garmar kwali. Idan mai gona zai yi gayyar kaftu a fadama, wato kafce ƙasar shinkafa kafin ruwan gulbi ya taso, sai ya aika wa makaɗi da goro. Goron nan shi ne kira. Makaɗin noma ba maroƙin biki ba ne da zai ji guɗa ya bi. Sai an kira shi yake zuwa, kuma Baba Arzika ya riƙe wannan kamar sallarsa. In ya zo kuwa, ba gindin itace yake zama ba. Yana gaban manoma, cikin ƙasar da suke ciki, suna ci gaba yana ja da baya, ganga a rataye, laka har gwiwa. Ya san kowa da ubansa da kakansa da gonar da kakan ya bari ta zama sabra, daji ya cinye ta. Jarumi ya kai shi sama, rago kuwa ya yi masa tas a gaban surukansa. Da yamma a ɗora masa damin shinkafa ko na gero a kan jaki. Abin da yake ci ke nan shi da iyalinsa, don shi gonarsa ba ta fi ta tsohuwa ba.

Akwai abin da yake yi wa Gado, sarkin noman yankinsu, wanda har yara suka haddace:

"Duƙa, Gado, duƙa,
Laka ba ta gaisawa da tsayayye."

In ya faɗi wannan ya sake wa gangar hannu, wallahi sai ka ga dattijo mai jikoki yana kaftu kamar wanda aka biya shi bashin uwa.

Tsakanin zufa da laka da yayyafi, fata ba ta daɗewa a wurinsa. Yakan zo mini da ita tsakiyarta ta yi baƙi ta yi sheƙi saboda dukan gula, sandar kiɗa, gefenta duk busasshiyar laka. Ya ajiye ya ce, "Labbo, ga matarka nan ta sake yin yaji." Ni kuma in ce, "Baba, ai kai ka kashe ta da duka." Ban taɓa jin haushin ganin gangar nan ba, ko da ina da aiki har wuya.

Yadda maganar lamba ta taso kuwa, ba mugu ko ɗaya a cikinta, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau. Bayan 'yanci an kawo wani malamin gona daga ƙasar Bangala, can wajen Pakistan, don ya duba harkar shinkafa, tunda su ma mutanen fadama ne. Wanda ke yi masa tafinta maƙwabcina ne, Malam Bitrus, akawu, mutumin Jos da ya daɗe a garin nan har Kabanci ya zauna a bakinsa. Sun je Augie suka tarar da gayya, baƙon ya tsaya ya ƙi tafiya, yana sa Bitrus ya fassara masa abin da tsohon ke faɗi. A hanyar dawowa ya ce wa Bitrus a ƙasarsu har rayuka an rasa saboda harshe, kuma mutum irin wannan, da ke ɗauke da maganar mutanensa da tarihin gidajensu a kansa, bai kamata ƙasa mai 'yanci ta bar shi haka ba. Maganar ta shiga Bitrus. Ya zo rumfata yana ta murna ya ce, "Labbo, gwamnati ta fara ba da lambar girma ga waɗanda suka yi wa ƙasa hidima. Ba sarakuna da alƙalai kaɗai ba, har masu hidimar harshe da al'ada. Sai na ga sunan Baba ya shiga." Na ce Allah Ya taimaka. Da zuciya ɗaya na faɗa.

Ya yi ta bin manya, masu rediyo suka zo da na'urarsu suka ɗauki muryar tsohon, kwanci tashi sai ga labari sunansa ya fito.

Ɗaurin da na yi wa gangar nan na tafiya Ikko, wato Legas, inda za a ba da lambar, ban taɓa yin irinsa ba. Na je mahauta da kaina na tsaya a kan mahauci har ya feɗe jar akuyar da na zaɓa. Na sake tsirkiya gaba ɗaya, na yi mata sabon maratayi na jar fata. Baba Arzika ya rataya ya gwada, ya ce, "To, yau mutanen Ikko za su ji abin da ka sa shinkafa tsira." Da ya dawo na tambaye shi yadda ta yi. Ya ce a masauki aka sa ya bar ta. An kira sunansa, an rataya masa lamba, an yi musabaha, an ɗauki hoto, an ce ya koma ya zauna.

Amma tarbar da aka yi masa a gida, ba a magana. Daga Argungu har Augie mutane ne a bakin hanya. Kowa na so ya ga lambar, wani ɗan ƙarfe mai sheƙi da ƙyalle a jiki. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ce masa Arzika. Ya zama Mai Lamba. Waɗanda jiya yake zagi a gona suna dariya, yau in sun hango shi sai su tuɓe takalmi.

Lokacin kaftu ya zo, ya aiko mini da ganga na ƙara mata ja kamar kullum. Na zauna ina jiran ta dawo da yaji. Shiru. Har ruwa ya taso ya rufe fadama ban gan ta ba.

Na haɗu da Gado a kasuwar Argungu na tare shi. Na ce, "Sarkin Noma, lafiya bana ba ku fasa mini fata ba? Ko kun daina gayya?"

Ya ce, "Mun yi gayya mana. Yaron nan Hantsi munka kira." Hantsi wani matashin makaɗi ne da ya taso yana kwaikwayon Baba.

Na ce, "Shi Baban fa?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "Haba Labbo, da kunya. Mutumin da shugaban ƙasa ya ba hannu, ni in aika mai da goro shi zo shi shiga laka don damen shinkahwa? Mi za a ce da mu? Ai shi yanzu na gwamnati na."

Na ce, "Gwamnati ta gaya maka ta ɗauke shi?"

Ya ce, "Ai ba sai an gaya mini ba. Wa ka ba mutum lamba shi hana mai abinci?"

Na rantse masa ban ga ko anini ya biyo lambar nan ba. Ya yi dariya ya ce ni dai ban san sirrin manya ba. Haka duk ƙauyukan suka ɗauka. Su kunya ta hana su kira, shi kuma girman sana'a ya hana shi zuwa ba kira. Gwamnatin da aka ce ta ɗauke shi, sai ranar bikin 'yanci take tunawa da shi, a kawo shi filin makaranta ya kaɗa wa mutanen da ke zaune a kujeru, waɗanda ko garma ba su iya riƙewa ba, kafin ya yi zafi a ce lokaci ya ƙare 'yan fareti za su shigo. Bitrus ya yi ta kai da kawowa ko za a yanka masa wani abu, aka ce masa lamba girma ce, ba albashi ba ce. Daga nan Bitrus ya daina biyowa ta gaban rumfata sai ta bayan gida.

Sai ga shekarar da gulbi ya ci shinkafa. Ruwa ya taso da wuri, ya zo da ƙarfin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, ya shanye fadama tun shuka ba ta miƙe ba. Ciwo ya shiga awaki, fatun da ake kawowa duk ƙuraje, ka ja su kaɗan su yage. Ba biki, ba dambe, ba mai kawo ganga. Ni da na yi suna a ɗauri, na koma sassaƙa turmi da muciya ina yawo da su kasuwa-kasuwa. Kowa ya sha wuya, amma manomi ko yaya yana da ɗan tsohon hatsi a rumbu. Baba Arzika rumbunsa dama daga dammunan gayya yake cika, kuma an daina ɗora masa. Masu ɗan hali suna aika wa maƙwabta da mudu, amma ba mai aikawa gidan Mai Lamba, don kada a ce sun raina shi. Na taɓa kai masa ɗan gero na ce bari in faɗa wa mutane gaskiya a masallaci. Ya ce, "In ka yi haka, Labbo, kada ka ƙara taka ƙohwar gidana."

Da rani ya yi nisa sai ga shi a rumfata da kansa, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya ajiye gangar. Na juya ta na duba. Fatar nan ta Ikko ce har lokacin, ta saki, ɓera ya ci gefenta, amma tsakiyarta fara fat, ba sawun gula na kirki. A sana'ata ban san abin da ya fi wannan muni ba. Na ji kunya kamar ni na yi masa.

Ya ce, "Ɗaura mata sabuwa. Gado na gayya ranar kasuwar Augie. Zan tahi."

Na ce, "Ya aiko da goro, Baba?"

Ya ce, "Na tambaye ka goro?"

Ina da fata guda mai kyau da na ɓoye tun kafin ciwon awaki. Ita na ɗaura. Ya ce in raka shi ko za ta buƙaci ja a can, na bi shi.

Gayyar babba ce, don bayan asarar bara kowa na so ya kafce da yawa. Mun iso da hantsi, aiki ya yi zafi, Hantsi makaɗi yana gabansu yana kiɗa. Wani ya ɗago ya hango mu, ya ce ga Mai Lamba. Kiɗa ya tsaya. Garma ta bi garma tana faɗuwa ƙasa. Mutanen nan duka suka fito daga gona suka zube suna gaisuwa. Kafin ka ce kwabo an shimfiɗa tabarma a gindin itacen kaiwa, an kawo fura a sabuwar ƙwarya.

Bai dubi tabarmar ba. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya rataya ganga, ya taka cikin gonar. Ya sake mata hannu. Jama'a, gangar nan ta yi magana ranar, ni na ɗaura ta, na san abin da nake faɗi. Ya ɗaga murya:

"Duƙa, Gado, duƙa,
Laka ba ta gaisawa da tsayayye."

Gado yana tsaye a bakin gona, hannuwa a baya, yana murmushin kunya. Bai duƙa ba. Ba wanda ya duƙa. Wa zai juya wa Mai Lamba baya ya kama kaftu, alhali yana tsaye yana magana? Suka tsaya suna saurare cikin ladabi, irin yadda suka ga ana yi a filin makaranta. Ya maimaita. Ya kira sunan uban Gado, ya kira na kakansa. Ya juya kan wani rago da ya saba yi wa tsiya, ya zage shi zagin da a da sai fadama ta ɗauki dariya. Ragon ya durƙusa ya ce, "Godiya nike, ranka shi daɗe."

Sai Gado ya matso ya ce a hankali, "Baba, ka hutar da kanka. Mun gode, wallahi mun gode. Wanga wuri bai kamace ka ba." Ya yi wa samari ido, suka shiga suka riƙo shi ta kafaɗu kamar mai jinya, suka fito da shi. Wani ya kawo ruwa a buta ya durƙusa yana wanke masa ƙafa. Ya tsaya ya bari aka wanke. Bai sha furar ba. Ya ce mini mu tafi.

Ba mu yi nisa ba muka ji Hantsi ya ɗora kiɗa a bayanmu, kiɗan Baba, waƙar Baba, har da duƙa Gado. Muka ji ihun manoma da ƙarar garma. Baba Arzika ya tsaya ya saurara, ya ce, "Zagarshi ta yi sako-sako." Muka wuce har gidansa.

A zaure ya sauke gangar ya tura mini ita da ƙafa. Ya ce, "Kwance ta."

Na ce, "Baba, lafiyarta lau. Yau ta fara aiki."

Ya ce, "Shi ya sa. Akuya ba ta mutu don a rataye hwatarta a ɗaki ba. Kwance ka ba wanda aka kira. Iccen kuma tahi da shi, ban son ganinai."

Na fasa fatu, na yanke ruɓaɓɓu, na cire waɗanda ɓera ya ci, amma ban taɓa kwance lafiyayyar fata daga jikin ganga ba sai ranar. Ina warware tsirkiya yana zaune yana kallon hannuna. Bayan 'yan kwanaki sai ga Hantsi a rumfata, tasa ta fashe, ga gayya a gabansa, ga ba fata a gari. Na ɗaura masa ita. Ban gaya masa ta wane ne ba. Da ita ya ci damen shinkafar wannan shekara.

Baba Arzika ya yi sauran kwanakinsa yana tufkar igiya a ƙofar gida, mutane na wucewa suna tuɓe masa takalmi. Ranar jana'izarsa motoci sun zo daga nesa, an yi jawabi a kan hidimar da ya yi wa harshen Hausa. Bitrus yana can bayan taro, bai iya matsowa ba. Lambar tana nan a Augie wurin jikokinsa, an yi mata akwati mai gilashi, kuma na ji har yanzu 'yan makaranta irinku suna zuwa ɗaukar hotonta.

Iccen kuwa ga shi nan inda na rataye shi tun ranar. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi, sai kai yau, kai ma don ka ga zai yi daɗin zama ne. Tashi ka ɗauko mini fatar can daga cikin ruwa, ka riƙe ta da hannu biyu. In kuna so gangarku ta daɗe, kada ku ajiye ta a ofishin hedimasta. Ku kaɗa ta har ta fashe, ku dawo mini da ita.